Kwamfuta Ta Gane Yatsana Ya Mutu

Shekarun baya wuƙata ta yanke mini jijiyar babban yatsan hagu a kwata, a Fatakwal. Sa muka kayar, aka yanka, na ɗauka rai ya gama fita. Na sa wuƙa a ƙafar baya, ya yi shuri ɗaya. Ban ma ji zafi ba sai da na ga yatsan yana reto.

Fiɗa nake yi a lokacin, ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kawo ni kudu tun gemu bai fito mini ba, shi ya koya mini riƙon wuƙa. Yadda muke aiki, sa ɗaya mutum biyu, shi a wancan gefe, ni a wannan. Hannun hagu ya damƙi fata ya ja ta har ta ɗame, na dama ya bi ta da wuƙa. A wajen ƙirji muke haɗuwa, a nan hannunsa ba ya wuce taƙi ɗaya daga bakin wuƙata. Fata kuwa santsi gare ta, ga kitse, ga jini, ga ruwa. In babban yatsa bai danne ta ba za ta suɓuce, wuƙa ta tafi inda ba a aike ta ba.

A asibiti suka ɗinke. Likita ya ce jijiyar tana iya dawowa, tana iya ƙi, in dai riƙa motsa shi. Ya tura ni wajen masu gashin ƙashi. Na je sau ɗaya, na ga layi, na dawo gida.

Ciwo ya warke. Yatsan yana ɗagawa, yana komawa baya, amma ya ƙi lanƙwasowa wajen 'yan'uwansa. Sai na ƙi cire bandeji. Duk wanda ya tambaya, in ce da sauƙi, saura kaɗan. Yaya ya ce in matse masa hannu ya ji. Na matse da yatsu huɗu har ya ce ya isa.

Dalilina ɗaya ne. Tun muna asibiti Yaya ya ce in hannun bai dawo ba, gida zan koma. Gidan kuma babu shi. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyenmu, mahaifiyarmu tana raɓe a gidan ƙanenta a cikin gari. Komawa na nufin in zauna a ƙofar gidan wani, da ƙarfina, ina jiran a miƙo mini tuwo. Na ga abubuwa a rayuwa ban gudu ba. Wannan shi na ji tsoro.

A gidan da nake haya akwai maƙwabcina, mutumin kudancin Kaduna, Kirista, yana dafa wa Turawan wani kamfanin mai abinci. Ina ce masa Oga Kuku, yana ce mini Sarkin Fawa, alhali ko tsintsiyar kwata ba a taɓa ba ni sarautarta ba. Wani Ba'amurke da ya yi wa aiki, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa na'urar gem da faifai ɗaya tak, na wasan besbol. Yaran gidan suka taru, suka ga ba ƙwallon ƙafa ba ce, suka watse.

Wata rana da rana ya same ni a bakin ƙofa ina kallon ruwan sama.

“Sarkin Fawa, ba an ce ka riƙa motsa yatsa ba? Zo ga aikin yatsa.”

“Ni ba yaro ba ne.”

“Ni ma saura kaɗan in yi jika. Shigo, abeg.”

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Wani ya jefo maka ƙwallo ƙarama da ƙarfi, ka make ta da kulki, ka ruga wurin tsayawa. A fili akwai mutanen kwamfuta a warwatse, suna jiran su cafke. In sun cafke ko sun riga ka, ka fita. In ka kai duka ka kuskure sau uku, ka fita. Abin da ake riƙewa, wanda yara ke ce wa pad, yana da maɓallin duka a dama. A hagu kuma akwai wani ɗan turke mai kan roba, da babban yatsa ake tura shi, shi ke nuna gefen da kake son ƙwallo ta bi.

Oga Kuku ya haɗa mini mutumina a ciki. Ya sa masa gemu, ya ba shi tumbi.

“Wannan tumbin na waye?”

“Na sarauta ne.”

Makonnin farko na ji daɗi. Ina gani an jefo sai in make, ƙwallo ta tafi hagu kamar an harba ta. Kullum hagu. Mutumina da tumbinsa ya yi ta gudu, Oga Kuku yana tafi. Ni da na ce ba yaro ba ne, na koma ina kasa kunne in ji ƙarar okadar da ke sauke shi daga aiki.

Rannan mutumina ya fito ya ɗaga kulki, sai na ga mutanen fili suna tafiya. Ba gudu ba, tafiya a hankali, kamar waɗanda aka kira cin abinci. Suka taru a hagu. Na tsakiya ma ya matso hagu. Gefen dama ya zama ciyawa zalla, mutum ɗaya ne kawai ya rage can a bakin layi.

“Ina za su?”

“Sun gane ka,” in ji Oga Kuku. “Kwamfuta tana riƙe duk inda ka taɓa bugawa. Ta ga hagu kawai ka sani, ta kwashe yaranta ta kai can.”

Na make. Ƙwallo ta tafi kai tsaye hannun wani, ko motsi bai yi ba. Na sake fitowa, haka. Na sake, haka.

“Tura turken dama mana. Ga fili nan kamar gonar gado.”

Na tura. Turken bai motsa ba. Oga Kuku ya daina kallon talabijin ya kalli hannuna. Ya ce in kwance bandejin. Na kwance. Ya kama yatsan ya lanƙwasa shi da hannunsa, ya saki, ya koma ya tsaya ƙiƙam. Ya ce in gwada da kaina. Na gwada har jijiyar wuyana ta tashi.

“To, ai mun sami aikin yi,” ya ce. “Kullum sai ka tura shi dama.”

Ban gaya masa cewa sirri ne ba. Ni ba mai yawan magana ba ne, wannan karon kuma rashin maganar ya cuce ni.

Babbar Salla ta matso, aiki ya yi wa Yaya yawa. Wata Asabar bayan la'asar ya zo da hanta a leda, wai in ci in mayar da jini. Bai same ni a ɗakina ba, aka nuna masa ɗakin Oga Kuku. Ya yi sallama, ya cire takalmi. Suka gaisa yadda ya kamata, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, yaya muka ji da ruwa. Aka ba shi kujera. Pad yana hannuna, bandeji yana aljihuna.

Yaya ba ya son wasa kowane iri. Ya zauna ne don kada ya raina mai ɗaki. Amma idon mahauci ne da shi, ba ya kallon abu a banza. Ya ga na fito na buga an cafke, na sake an cafke.

“Maigida,” ya ce wa Oga Kuku, “waɗancan me ya sa suka cure wuri ɗaya kamar tumaki a inuwa?”

Na taka ƙafar Oga Kuku. Ya janye ta, ya ɗauka kuskure ne.

“Ai saboda yatsan ne, Alhaji. Tunda ba ya lanƙwasuwa, ba ya iya tura ƙwallo dama. Kwamfutar ta gane tun tuni. Amma muna kan aiki, da yardar Allah zai...”

Ya ga fuskata. Bai ƙarasa ba.

Yaya bai ɗaga murya ba. Bai taɓa ɗagawa ba. Ya ajiye ledar hanta a ƙasa.

“Miƙo hannun.”

Na miƙa.

“Taɓa ɗan ƙaramin yatsanka da shi.”

Na kasa.

“Jibi ka ce mini za ka dawo aiki.”

“Zan iya, Yaya.”

“Da hannuna a gaban wuƙarka.”

 A talabijin mai jifa yana tsaye yana jira, mutanensa na nan a hagu.

“Tirelar da ta kawo shanu za ta juya arewa bayan Juma'a,” ya ce. “Na san direban. Za ka zauna a gaba.”

“Ba inda za ni.”

“Ba shawara na kawo ba.”

Oga Kuku ya sa baki, ya ce Alhaji a yi haƙuri, a ba shi lokaci, jijiya ba ta son gaggawa. Yaya ya daɗe yana kallon talabijin. Sannan ya nuna gefen dama da haɓa.

“Wannan abin bai san ni ba, bai san shi ba, ba ya jin kunyar kowa. Ranar Alhamis zan dawo. In ya buga ta can inda babu kowa, washegari ya ɗauki wuƙarsa. In bai buga ba, ya ɗaure kayansa.”

Ya sa takalmi ya fita.

Oga Kuku ya yi ta ba ni haƙuri. Na ce ya bari, ya kunna.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Ya bar mini makullin ɗakinsa. In NEPA ta ɗauke, in tayar da janareto. Matarsa ta riƙa dafa ruwa ina tsoma hannun, ana shafa man zafi. Na tura turken nan har kan yatsan ya yi kanta. Ranar Talata na ga kamar ya motsa. Na kira Oga Kuku ya duba. Ya ce dukan hannun ne na karkata, kuma da na karkata shi sai yatsan dama ya kuskure maɓalli. Mutanen nan kuwa ko sau ɗaya ba su fasa ba. Mutumina yana fitowa, sai su kama hanyar hagu. Na zage su da Hausa, na zage su da Turancin kasuwa. Akwai wani dogo mai jar hula da kullum shi ke cafke ni, har mafarkinsa na yi.

Ranar Laraba an jefo mini ƙwallo, sai murfin tukunya ya suɓuce wa matar Oga Kuku a bayana. Na waiga, na dawo, na danna a makare. Ƙwallo ta tafi dama. Ta gangara cikin ciyawa ita kaɗai, ɗan bakin layi yana bin ta a guje.

Na kalli yatsana. Yana nan inda yake.

“Me ya faru?”

Oga Kuku ya sosa kai. “Ka makara ne. In ka yi saurin duka, kulki ya jawo ta hagu. In ka bari ta kusa wuce ka, ya tura ta dama. Haka Baturen yake yi wani lokaci.”

“Ba sai da turke ba?”

“Ba sai da shi ba.” Ya dube ni. “Sarkin Fawa, wannan ba shi Alhaji yake nufi ba.”

“Cewa ya yi in buga can.”

“Na ji abin da ya ce. Amma in ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba.”

“Ban ce ka yi ba.”

Jiran ya fi tura turke wuya. Ƙwallo tana zuwa, duk jikinka yana cewa yanzu, kai kuma ka ce tukuna. Tsakanin a makare da an wuce ka bai kai ƙiftawar ido ba. Na wuni a kai. Wani lokaci ta tafi dama, sau da yawa in kai wa iska duka.

Alhamis Yaya ya zo da warin kwata a jikinsa, ko wanka bai tsaya yi ba. Ana ruwa, kwanon rufi yana ƙara, babu wuta. Oga Kuku ya ja janareto ya ƙi tashi, ya sake ja ya ƙi, sai da ya cire fulogi ya goge. Duk wannan Yaya yana zaune, hannuwa a kan gwiwa. Bai karɓi ruwan da aka kawo masa ba.

“Ba zan kai magariba ina kallon wasa ba,” ya ce. “Fitowa ɗaya.”

Mutumina ya fito. Suka kama hanyarsu ta hagu, dogon nan a gaba.

Jifan farko hannuna ya riga ni. Na make da wuri, ta fita bayan layin hagu. Kuskure ɗaya ke nan. 

Na biyu na jira. Na jira har ta shige hannun mai tsugune a bayana. Alƙalin ciki ya yi ihu ya naushi iska, ita ma ya ƙirga mini ita kuskure, saura ɗaya. Oga Kuku ya miƙe ya je ya tsaya a taga, ya ba mu baya.

Mai jifa ya daɗe yana juya ƙwallo a hannu. Ina jin numfashin Yaya a gefen kunnena. Na tuna ƙofar gidan kawunmu, da benci da ke wurin. Ya jefo. Na ce tukuna. Na ce tukuna. Na danna.

Ta bi ƙasa ta dama, ta wuce ɗan bakin layi, ta yi ta gangarawa. Duk taron hagu suka juya suna kallo. Mutumina ya ruga da tumbinsa ya tsaya lafiya.

Na juya. Yaya ba talabijin yake kallo ba. Tun farko hannuna yake kallo.

“Bai motsa ba,” ya ce.

“Ka ce in buga can. Na buga.”

Na jira ya tambayi Oga Kuku. Bai tambaye shi ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

“Na faɗa. Gobe ka zo da wuƙarka.”

Da safe na je. Mahauta suka yi ta barka da arziki, wani ya ce ga ango ya dawo. Aka kayar mana da wani farin sa, aka yanka. Wannan karon na jira har ya daina motsi gaba ɗaya. Yaya ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya tsuguna a gefensa.

“Bismilla.”

Ƙafa ba ta ba ni wahala ba. Na naɗe fatar a yatsu huɗu, na danne da tafin hannu, na bi da wuƙa. Cinya ma haka. Har na fara jin dama ina da gaskiya. Muka gangaro ciki, fata ta yi faɗi, ta yi nauyi, kitse ya fara yawa. Ta zame mini kaɗan, na sake damƙa. Yaya ya gani. Bai janye ba. Yadda ya saba sa hannu, haka ya sa.

A ƙirji muka haɗu. Ya ɗora hannunsa na hagu daidai inda yake ɗora shi kullum, a gaban wuƙata. Na ja fata, na sa ƙarfi. Ta suɓuce gaba ɗaya. Wuƙa ta yi gaba. Na riƙe ta, ban san da me ba. Bakinta ya tsaya a kan wuyan hannunsa, inda jijiyoyi suke kore-kore. Ta ɗan shafe shi, jini ya fito siriri kamar zare.

Bai motsa ba. Ya dube ni.

“Ci gaba,” ya ce.

Na kalli hannun nan. Shi yake ciyar da 'ya'yansa, da mahaifiyarmu, da ni kaina tun da na kwanta. Na goge wuƙar a wando, na juya ta, na miƙa masa ta ƙota.

Ya karɓa. Ya kira wani ya kama masa gefena, suka ƙarasa. Na koma bakin famfo na zauna. Da ya gama ya zo yana wanke hannu.

“Ƙarfe nawa tirelar za ta tashi?” na ce.

“Ta tashi tun jiya. Direban ya sami lodin manja.”

“To ni fa?”

“Akwai tebur a kasuwar Oil Mill, mai shi ya tsufa, yana neman wanda zai tsaya masa. Sara da gatari hannu ɗaya ne, ƙugiya ta riƙe maka nama.” Ya yarfe ruwa. “Da na faɗa maka a ɗaki, da ka ce na raina ka.”

Gaskiya ya faɗa. Da na ce.

Na sha tunanin abin. Mutane da yawa a kwata sun lura da yatsan nan, daga baya suka gaya mini. Kowa ya yi shiru don kada ya kunyata ni, ni kuma na ɗauka na iya ɓoyo. Abin da ba shi da ido ne ya fara nuna mini, a gaban yayana, don shi bai san kara ba. Na ji haushinsa ƙwarai. Yanzu ba na ji. Abin da har yau yake hana ni sakewa shi ne hannun Yaya da ya ƙi janyewa. Na taɓa tambayarsa, in da ban riƙe wuƙar ba fa? Ya ce in daina maganar da ta wuce.

Yatsan bai dawo ba. Oga Kuku ya yi ritaya ya koma garinsu, muna gaisawa a waya, har yanzu Sarkin Fawa yake ce mini. Yaya yana fiɗa da babban ɗansa. Mun ɗauko mahaifiyarmu, tana ɗakin da ke kusa da nawa, tana ƙorafin ruwan Fatakwal ba ya ƙarewa. Ni ina Oil Mill, layin masu nama, tebur ya zama nawa.